Ranar da Na Ƙi Tsayar da Badujala

Denholt, Yorkshire
28 ga Yuni, 1964

Zuwa ga Yayata Edna,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Leonard da yara baki ɗaya. Ina roƙon Allah ya sauƙaƙa miki ciwon kafaɗar nan da kika ambata, ya kare ku daga sanyin da ya sauko muku can New Zealand, ya ƙara muku zaman lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar matata Mabel ta yi sauƙi har tana zuwa coci da ƙafarta, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. 'Yarmu Brenda ta yaye ɗanta, yaron ya fara tafiya, kuma kan nan nasa irin na Baba ne sak, ba hular da ke shigarsa. Masaƙa tana nan yadda kika bar ta, ƙarar injuna da ƙurar ulu. Safar da kika saƙa mini ta iso, na gode ƙwarai, sai dai har yanzu kina auna ƙafata da ta yaron da kika bari ne.

Takardarki ta zo ranar Talata, na karanta ta sau uku. Tun layin farko na gane matar Cyril Wadsworth ce ta rubuto miki, don duk garin nan an san ke kika rene ni bayan rasuwar Mama, kuma ba na tsallake maganarki. Kin ce in danne zuciyata in je in ba kwamitin badujala haƙuri. Yaya, tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa ce miki a'a ba, amma yau zan ce. Sai dai ki yi mini adalci ki ji nawa tukuna, don ruwa ba ya tsami banza, kuma na san matar nan ba ta fara labarin daga farkonsa ba.

Ga farkonsa. A watan Satumban bara badujalarmu ta ci kofi a babbar gasar lardi, abin da ba a taɓa yi ba tun kafuwar garin. Kin san dokar gasa: ƙahonni kawai ake busawa, ba a yarda ganga ta hau dandamali ba. Don haka na yi yadda na saba, na kaɗa musu daga tashar mota har ƙofar zauren, na jingine gangata, na zauna a baya ina riƙe musu riguna. Da aka kira sunan Denholt ni na fi kowa ihu, har muryata ta dushe kwana uku. Ban taɓa jin haushin dokar nan ba, doka ce, mun tarar da ita. To sai kwamiti suka sa aka yi allon katako mai sunaye da ruwan zinariya, aka kafa shi a ɗakin da muke gwaji cikin watan Afrilu. Na tsaya gaban allon nan na bi shi daga sama har ƙasa, na sake bi da yatsa kamar ɗan makaranta. Sunaye ashirin da shida har da na malamin da ke ba da hannu. Har Ɓera, yaron gidan Pogson da ya shigo bara, wanda rabin busarsa iska ce, yana ciki. Babu Horace Shaw.

Shekara talatin da huɗu ke nan ina rataye da gangar nan a ƙirji, cikin ruwa da ƙanƙara, biki da jana'iza. Kafin ni Baba ya yi ashirin da tara da ita, ke ma kin sha shafa masa mai a kafaɗa inda maɗauri ya ci. Shekara sittin da uku tsakaninmu, kuma ba bango ɗaya a garin nan da ke ɗauke da sunan Shaw. Na ɗauka mantuwa ce, shi ya sa na bari sai ranar taro na ɗaga hannu cikin ladabi na tambaya.

Cyril ne shugaban kwamiti yanzu. I, Cyril ɗin nan dai da ya taɓa kawo miki furanni kika ba akuyar Anti Maud. Ya yi teɓa, ya sayi tabarau, ya kuma karanta wani littafi guda ɗaya da ba ya bari mu huta da shi. Ya gyara zama ya ce wai ai kayan kiɗa dangi-dangi ne. Wai masu tsirkiya irin su goge su ne manyan gida, masu sarewa su ne 'yan uwa na kusa, su kuma masu ƙahon tagulla su ne ƙashin bayan zuri'a. Na ce to ganga fa, ranka ya daɗe? Ya ce wai ganga agola ce, ana ci da ita ana sha da ita, amma ba ta shiga rabon gado. Ya ƙara da cewa allo na waɗanda suka busa ne, kuma in ba son rai ba, duk mai hannu zai iya dukan fata, ko matarsa ma haka take kakkaɓe darduma ranar Asabar. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ba dariyar ce ta ci mini rai ba, Yaya. Abin da ya ƙona ni shi ne Wilf Dyson, mai babban ƙahon nan, abokina tun muna satar tuffa a lambun limamin coci, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa bai ce uffan ba. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Mabel ta ce in kai musu gangarsu in ajiye a ƙofa, su ci kansu. Na ce ina! In na tafi shiru ai na gaskata shi ke nan, gobe su rataya wa wani ita a manta an yi ni. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, to ni na hura wa dutsen nan wuta shekara talatin da huɗu ban ga ko tururi ba. Na ce mata wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara, kuma ni zan ba shi tsani.

Kin daɗe da barin gida, bari in tuna miki yadda muke tafiya a titi. A dandamali malami ke da iko, amma a kan hanya shi ma ɗan rakiya ne. Na gaba ba sa ganin na baya, kowa idonsa na kan 'yar takardar da ke maƙale a ƙahonsa, kunnensa na wurina. Ni nake tayar da su, ni nake tsayar da su da bugu biyu masu sauri, dum-dum. In ba su ji bugu biyun nan ba, ko waƙa ta ƙare sai a koma farkonta, ƙafa kuma ba ta tsayawa. Tun suna yara aka dasa musu wannan, kuma ba abin kunyar da ya kai a ce badujala ta watse a titi kowa ya tsaya lokacin da ya ga dama. Mutanen ƙauyen gaba sai su yi shekara hamsin suna mana waƙa da shi.

Ranar Juma'ar Fentikos, bikin cocin nan da ake zaga gari da badujala, gari ya waye tas, rana ta fito. Muka taso daga coci ƙarfe tara kamar kullum, mu a gaba, tuta a bayanmu, sai 'yan mata cikin fararen riguna, sai limami, sai duk gari cikin sababbin kaya. Cyril yana sahun farko da dogon ƙahonsa da ake ja ana turawa, yana taku kamar shi ya gina titin. Inda ake tsayawa kin sani, dandalin kasuwa, a rera waƙoƙin yabo a sha shayi. Na rantse miki har muka wuce shagon mai burodi ban gama yanke shawara ba. Muka iso dandali, ɗan sandan da ke share mana hanya ya karkata ya shiga ya tsaya. Ni kuwa na ɗaga sandar kiɗa na ci gaba da bugu ɗaya-ɗaya kamar ban san wurin ba.

Bayan dandali ba wata hanya sai Hawan Tumaki, wanda ko dokin mai madara sai ya huta sau biyu kafin ya kai sama. Sahun gaba suka doshe shi don ba yadda za su yi. Masu tuta suka biyo, yara suka biyo, limami ya ɗauka sabon tsari ne da ba a gaya masa ba, shi ma ya biyo. Waƙa ta ƙare, suka koma farko. Daga baya ina hango wuyan Cyril ya yi ja kamar naman da aka ɗauko daga mahauta, yana son ya waiwayo ya zage ni, amma baki na cikin ƙaho. Da muka kai rijiyar tsakiyar hawa an shiga zagaye na uku, busa ta fara zama kukan agwagwa. Masu ƙananan ƙaho suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai na tsakiya. Cyril ya yi ta maza, na ba shi wannan, shi ne na kusa da ƙarshe, sai da numfashi ya ƙare masa sarai ya sauke ƙahon yana haki. Wilf ya ƙara taku goma da ƙaton nasa, shi ma ya yi shiru.

Sai ya rage ni kaɗai. Yaya, da ma kina nan. Ba ƙaho ko ɗaya, amma ba wanda ya tsaya, ba wanda ya ɓata taku. Mutum ashirin da biyar da tagullarsu a hannu, da jama'a wajen ɗari huɗu a baya, ƙafar hagu da ta dama duk suna sauka tare a kan fatar nan da aka ce agola ce. Haka muka yi ragowar hawan har ƙofar maƙabarta inda Baba da Mama suke. A nan na ba su bugu biyunsu, kowa ya tsaya cak lokaci guda. Ban yi jawabi ba, ban kalli kowa ba. Hawaye ne suka zubo mini, kuma ban ji kunyarsu ba.

Ba zan ɓoye miki ɓarnar ba. Leɓunansu sun mutu, da la'asar muka zaga gasar badujala da ake yi ranar a ƙauyuka shida ba mu samo ko kofin shayi ba. Yara ƙanana sun sha wuya, wata tsohuwa sai a keken mai madara aka sauko da ita. Na bi gida-gida na ba iyayen yaran haƙuri, na kai wa tsohuwar ƙwai, don su ba su yi mini komai ba. Wilf ma na je na same shi, don ƙirjinsa ba lafiya gare shi ba. Ya ce mini ɗan banza, wai na kusa aika shi lahira wurin Baba da ƙaho a wuya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce ranar taron nan ya kamata ya buɗe baki, tsoron Cyril ne ya hana shi, in yafe masa. Na yafe.

Kwamiti kuwa sun zauna sun ba ni wata guda. Sharaɗinsu shi ne in tsaya gaban kowa in ce na yi kuskure, a bar mini ganga. Cyril ya biyo ni har ƙofar masaƙa yana sassauta murya, wai Horace kada mu zama abin dariya, in na yi haka zai sa a ƙara sunana a ƙasan allo da ƙananan baƙaƙe, ƙarƙashin masu taimako, kusa da na direban motarmu da matan da ke dafa shayi. Na ce direba da matan nan mutanen kirki ne, amma ni ba taimaka wa badujala nake yi ba, ni ɗan cikinta ne. Ko a sa ni cikin jeri da baƙaƙe irin na kowa, ko a bar katakon ya huta. Kuma kuskure shi ne abin da mutum ya yi bai sani ba, ni kuwa ina sane na yi.

Wa'adin ya cika ranar Litinin, kwana ɗaya kafin takardarki ta iso. Ko da ta riga shi, amsar ɗaya ce. Na goge gangar, na ja igiyoyinta, na kai musu da kaina tare da rigar da hular. Surukin Cyril suka ba, wani mai sayar da gawayi. Na tsaya na nuna masa yadda ake sassauta fata in an ga hadari, don ita gangar ba ta yi mini laifi ba. Kada ki zaci ba ya mini ciwo. Yana yi, fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma na fi son wannan ciwon da wancan na tsayuwa gaban allo, kuma ina roƙonki kada ki sake sa baki, don ba na son in ce miki a'a sau biyu.

Ki gaida Leonard da kyau, ki ce ina jiran hoton tumakin da yake ta cika baki da su. Ki gaida Audrey da mijinta, da Desmond, da 'yar autarki Hazel, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Brenda da mijinta suna gaishe ku, Wilf ma ya ce in miƙa tasa. Mabel tana gaishe ki, kuma ta tsaya a kaina ta ce lallai in rubuta miki wannan: ranar Alhamis da yamma suna gwaji, sautin yana shigowa har ɗakin girkinmu, na tashi na rufe taga, amma wai ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ga ƙafata tana buga musu taku har suka gama. Na ce mata wannan ƙafa ce, ba ni ba. In ƙafar tana so, ta je ta ba su haƙuri ita kaɗai.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki, ko kin yi fushi,
Horace