Zai bar mu a Riyadh ya bi ɗan baffansa Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki rufa min asiri ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, masu zagi kuma ku riƙe bakinku, abin da ke raina ya ishe ni.

Shekarata huɗu a Riyadh, muna zaune a unguwar Al-Oud ni da mijina da 'yarmu Hanan mai wata goma sha ɗaya. Shi yana aiki a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Iƙamata da ta yarinya, wato takardar zamanmu, duk a ƙarƙashin tasa suke, hatta katin asibiti.

Muna zaman lafiya har wani ɗan baffansa, bari in kira shi Sabi'u, ya samu ya shiga Jamus. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Kullum sai ya turo murya a WhatsApp, wai can doka ce ta yanke mafi ƙarancin abin da za a biya mutum duk awa, ko shara kake yi, wai gwamnati na ba kowane yaro kuɗi duk wata. Tun daga nan Abban Hanan ya rikice. Ana cin abinci sai ya hau lissafo ƙasashe, wai Ostireliya ta fi biya, Amurka akwai aiki amma asibiti tsada, Jamus ce mai tausayin yara, nan kuwa mafi ƙarancin albashin ma na 'yan ƙasa ne, baƙo sai abin da kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ga dama.

Ni ban yi boko mai nisa ba amma ina da ido. Ran da Sabi'u ya kira ta bidiyo, na ga takalma ƙafa biyar a bakin ƙofarsa, manya da ƙanana duk na maza, ga gado mai hawa biyu, kuma rigar sanyin nan ɗaya ce a jikinsa tun bara. Na ce wa Abban Hanan nan ma ai ƙasar masu arziki ce, 'yan ƙasa na samun tallafi, mu da ido muke ci, to wa ya ce masa can marar takarda ake ba? Ya ce jahilci ke damuna, wai me 'yar firamare ta sani da Turai. Kwana uku bai ci tuwona ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ya nemi hutu a wurin aiki, mudir ɗinsu, wato manaja, ya sa masa hannu a bizar fita da dawowa ba gardama. Na yi murna, na ɗauka gida zai je gaida Hajiyarsa. Juma'ar da ta wuce ina wanki a banɗaki na ji shi a waya yana dariya, yana ce wa Sabi'u ai mudir ba zai yi zargin komai ba tunda mata da 'ya suna nan, daga gida sai Agadas ya bi sahara zuwa Turai. Ashe jingina ya mai da mu. Da na tare shi bai musa ba, ya ce don Hanan yake yi, in ya zauna da gindinsa a can zai ɗauke mu, in na buɗe baki kuma a bakin aurena.

Wata huɗu ya rage iƙamarmu ta mutu. In bai dawo ba babu mai sabunta ta, ba asibiti, ba rigakafi, ko bakala, shagon unguwa, zan je sayen madara sai ina waige. Yarinyar nan kuma ƙirjinta ba ya son ƙura. Na roƙe shi ya mai da mu gida tukuna, ya ce in muka bi shi mudir zai gane.

Lambar mudir tana manne a jikin firij ɗinmu, shi da kansa ya liƙa ta saboda ɓacin rana. In na kira, za a soke tafiyar, ƙila a kore shi, ƙila ya sake ni. In na yi shiru, jirginsa ranar Alhamis ne. 'Yan uwa mata masu 'ya'ya, ku da Allah, in kira ko in bar shi ya tafi?