A Bar 'Yar Shila Ta Koma Fili

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci, Abu Khalid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ummu Khalid da yara, da dukan 'yan kwamiti, har da Injiniya Mazin mai duba motocin ƙungiya, wanda saboda hukuncinsa na zauna wannan rubutu.

Ni ce Ummu Faisal ta Waziriyya, mai 'yar ƙaramar motar nan ruwan ƙwai da muke kira 'Yar Shila. Da gangan na rubuto da Hausa. Na san kana jin ta sarai ko da bakinka ya fi saurin Larabci, kuma abin da ke raina yau da harshen gida zai fi fita. Na sa takardar a zaurenmu na waya don kowa ya karanta, saboda ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Ƙorafi na kawo, ranka ya daɗe. Amma in ka ji ina dariya a tsakiyarsa ka yi haƙuri da ni. Tun ranar Asabar ban dawo daidai ba. Jiya gishiri na zuba wa mijina a shayi.

Bari in gaya maka wace ce 'Yar Shila. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a tashar jiragen ruwa ta Jidda ya yi aiki, nan inda kakana ya sauka da niyyar hajji ya zauna ke nan. Wani Bature da suka yi aiki tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa ita. A bayanta muka taso, ana cusa mu kamar kifin gwangwani. Bayan rasuwar Baba ta kwanta ƙarƙashin tamfol shekara da shekaru, kuliyoyin unguwa na haihuwa a cikinta. Da aka buɗe wa mata tuƙi, ina da jikoki a lokacin, na je na koya, na samu lasisi, na dawo gida na yaye tamfol ɗin nan. Sannu a hankali aka tashe ta. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar nakan ɗauki mahaifiyata, Inna, mu tafi bakin teku. Ta haura tamanin, gwiwoyinta sun gaji. Motocin 'ya'yana masu tsayi ba ta shiga, ta ce ba za a ciccibe ta kamar buhun shinkafa ba. Wannan kuwa ta san kujerarta tun Baba na kan sitiyari: ta juya, ta zauna, ta ja ƙafafunta ciki.

To, ga maganata.

Na ɗaya. Da na nemi shiga filin tseren da ƙungiya ke haya a bayan gari, na tambayi Injiniya Mazin abin da ake buƙata. Amsarsa ke nan, ban rage ba ban ƙara ba: "Ki sa mata gafas, halas." Halas ɗin nan shi ke nan yake nufi. Gafas kuwa, wato kejin ƙarfen da ake ɗaurawa a cikin mota don ko ta kife rufi kada ya danne direba. Bai ce rabi ba, bai ce cikakke ba. Na kai ta gareji a unguwar masana'antu, wajen Malam Sunusi mai walda, mutumin Kaduna da ke aikin kwantiragi a can. Ya lanƙwasa bututu mai kauri marar ɗinki ya yi baka a bayan kujerun gaba, daga daɓen mota zuwa rufi zuwa ɗaya ɓangaren. Ya ba shi ƙafafu biyu da suka tokare a kan mazaunin tayoyin baya, ya gitta wani a tsakiya. Duk inda bututu ya taɓa ƙasa ya yi masa faranti ya liƙe da wuta, don kada ya huda tsohon ƙarfe. A bakin kowace ƙofa kuma ya sa sanda ɗaya mai kusoshi, wadda ake ɗaurawa ranar fili a kwance ranar hanya. Da yake Allah ya yi ni doguwa, motar kuma gajera, sai da na zauna a ciki da hular kwano a kan ɗankwalina, cikin zafin nan na Jidda, yana gwada tazarar kaina da zare, ma'aikatan garejin na leƙowa suna dariya. Ƙarshe kujerar aka sauke ƙasa. Ni ma dariyar na yi, gumi na shiga mini baki.

Na biyu, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Injiniya ya zo ya duba, ya kama bakan ya jijjiga har motar ta yi rawa, ya ce masha Allah, waldar ta yi kyau. Sannan ya yamutsa fuska ya ce ai rabi ne. Da ya ga idona ya ciko, sai ya ce to, yau kaɗai, in shiga rukunin masu tafiya a hankali. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan.

Abu Khalid! Ya Abu Khalid! Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini haka abin yake? Ba danja, ba mai tsallaka titi, ba mai danna mini oda a baya yana cewa yalla ya hajja. Kwalta ce shimfiɗe, an ce mini bismillah. A miƙaƙƙiyar hanya kowa wuce ni ya yi, har ina ɗaga musu hannu, don injin 'Yar Shila bai fi na keken ɗinki da yawa ba. Amma da muka iso kwanar nan mai kamar gwiwar hannu, sai na ga wata ƙatuwar baƙar mota ta taka birki tana nishi, ta buɗe ta yi waje. Ni kuwa ban san lokacin da na karya sitiyari na shige ta ciki ba. 'Yar Shila ta kwanta ta kama ƙasa, bel ya riƙe ni a kafaɗu, bakan nan na bayana ko ƙis bai yi ba. Na fito kwanar ina gaba. Ni, Rabi, mai sayar da turaren wuta a Waziriyya! Na yi ihu a cikin hular kwano har kunnena ya toshe. Baƙar motar ta sake wuce ni a miƙe, na sake kama ta a kwanar. Da muka fito, yaron da ke tuƙa ta, sa'an autana, ya zo ya sumbaci kaina, ya kira ni gwaggo da Larabci, ya ce, "Ya khala, me kika sa a injin nan?" Na ce masa babu komai sai bismillah.

Na uku, kuma nan ne ciwon. Washegari Lahadi saƙo ya shigo wayata cewa an cire sunana daga zama na gaba, sai na sa cikakken keji: bututu ya bi gefen gilashin gaba, ya ratsa saman kai, a gicciye biyu a kowace ƙofa, duka a liƙe da walda, babu na kwancewa. Ranka ya daɗe, na gwada in bi umarni. Na samo sandunan tsintsiya biyu na ɗaure su gicciye a ƙofar Inna, daidai yadda ƙarfen zai zauna, na ce ta gwada shiga. Ta tsaya da sandarta ta dubi abin, ta dube ni, ta ce, "Rabi, a tsufana za ki sa ni tsallaken katanga? Ko babanki bai sa ni ba." Mun yi dariya har ta nemi a kawo mata kujera. Amma da ta zauna sai ta tambaye ni ko ke nan an daina zuwa bakin teku. Na je na kwance sandunan tsintsiyar.

Ba Inna kaɗai ba ce matsalar. A fili ina da hular kwano, a titi ba ni da ita. A babbar mota ƙarfen saman kai yana da nisa da mutum. A 'Yar Shila kusa da kunnena zai zauna. Wani ya buge ni ta baya a danja, abin da aka sa don ya cece ni shi zai fasa mini kai. Sannan an gaya mini masu fahas, da ke duba mota kafin a sabunta takardunta, suna iya ƙin motar da aka canja mata ciki haka. Ga nauyi kuma: in aka loda mata ƙarfen nan duka, ko gadar sama sai na roƙe ta kafin ta hau. Gaba kura baya sayaki: ko in mai da motar Baba ta fili zalla in bar Inna a gida, ko in haƙura da abin da na ɗanɗana ranar Asabar. Wallahi ba na iya ko ɗaya.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a bar ni ba keji ba, ina son raina, ina da jikokin da nake son ganin aurensu. Injiniya Mazin ya taɓa ganin mota ta kife a gabansa, na san abin da yake tsoro, kuma ban raina ba. Abin da nake cewa, an yanka dokar nan ne daidai jikin manyan motoci masu gudun iska, sannan aka ce mu ma mu saka. Ka tambayi Abu Salih mai 'yar jar motar nan ta Italiya, wadda ta fi tawa ƙanƙanta. Tun bara ya daina zuwa saboda wannan magana, shi dai bai iya surutu ba ne kamar ni.

Saboda haka ina roƙon kwamiti:

A ware mana rukuninmu, mu masu ƙananan tsofaffin motoci da ke hawa titi, a sa mana iyakar gudu, kada a haɗa mu da masu tseren gaske. A wannan rukuni a karɓi rabin keji mai faranti, da sandar ƙofa mai kusoshi, da bel mai kafaɗu, da hular kwano. In akwai abin da za a ƙara, soso mai tauri a jikin bututu ko abin kashe gobara, a faɗa, gobe zan sa. Duk mai son tseren gaske kuwa, a tsaya masa a kan cikakken keji, ni ce ta farko da za ta goyi baya.

A kuma riƙa faɗa wa mutum abin da ake so dalla-dalla kafin ya kai motarsa a sa mata wuta. Walda ba ɗinki ba ce da za a farke a sake.

Na ƙarshe, a mayar da sunana.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani tun da wuri, don kada ka ce ban faɗa ba. Labarin kwanar nan ya zagaye Waziriyya kafin in iso gida. Matan layinmu, da 'yan uwana, da abokan cinikina, sun riga sun fitar da anko ruwan ƙwai, an yanka, yana wajen tela. Sun kama bas. Na ce musu su dakata, an cire sunana, suka ce ba su san wannan zance ba. Suna nan zuwa zama na gaba, ranka ya daɗe, da fulas-fulas na shayi da masa. In 'Yar Shila na cikin fili, za ka ji guɗar da filin nan bai taɓa ji ba tun da aka zuba masa kwalta. In kuwa tana waje a fake, wajenka za su nufo su tambayi dalili, kuma ka san iyayenka mata in sun sa anko. Ni dai na fita haƙƙinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuri'arka albarka, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin babbar mota da ƙarama. Allah ya tsare mu a titi da fili, ya sa kada ranar da za a gwada ƙarfin kejin kowa a cikinmu ta zo.

Wassalam.

'Yar uwarka,
Ummu Faisal, Waziriyya, Jidda.