Heluma da Gang Ɗinsa

Zuwa ga Heluma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Na san rubutuna zai ba ka mamaki, shekara goma sha ɗaya ko sallama ba ta haɗa mu ba. A matsayina na sakataren Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Jirgin Ƙasa nake rubuto maka.

Mai Sigina ya rasu, wata huɗu ke nan. Shi kaɗai ya rage yana zuwa mitin. Tun daga lokacin, duk Asabar ƙarfe huɗu nakan buɗe ɗakinmu na bayan tasha, in share, in jera kujerun nan goma sha biyu, in zauna zuwa biyar, in kulle. Ban rubuta komai a littafin mitin ba. Ka san dokarmu da aka rubuta da Turanci, sai an sami quorum, wato adadin mutanen da in ba su cika ba, zaman hira ce kawai. Da bakwai ne, muka rage zuwa biyar, muka rage zuwa biyu. Yanzu biyun ma sun gagara.

Manajan tasha ya ce in aka cika wata shida ba mitin, ɗakin zai koma sito. Bai yi laifi ba, haka yarjejeniyar take. Har ya ce in ɗan rubuta wani abu ya sa hannu. Shekara talatin littafin nan yana hannuna, ban taɓa sa sunan wanda bai zo ba.

Kai da mutanenka kun fice daga ƙungiyar, amma ba a soke sunanka daga rajista ba. Ka zo Asabar, ko na minti goma ne.

Ka huta lafiya.
Sakatare

*

Malam Sakatare, sarkin ƙamus,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarka ta iso, muna nan kalau.

Allah ya jiƙan Mai Sigina. Ba wanda ya gaya mini, a takardarka na ji.

To ashe yau ni ne quorum! Ni da na zaci gang ne. Ko ka manta? Ranar da muka fice saboda rigimar zaɓen shugaba, mu biyar, kai ka rubuta da hannunka a shafi na tamanin da huɗu: Heluma da gang ɗinsa sun bar taro. Ka miƙe ka karanta a gaban jama'a, aka yi ta dariya, har Mai Tikiti yana buga tebur. Na koma gida na sa 'yata ta duba mini kalmar. Ta ƙi faɗa, sai da na daka mata tsawa ta ce, "Baba, gungun ɓarayi."

Shekara ashirin da takwas ina shugabancin leburorin gyaran layin dogo, ko noti ɗaya bai taɓa bi na gida ba. Kai kuwa kana ofis ƙarƙashin fanka kana wasa da alƙalami.

Ka soke kalmar, sannan mu yi maganar zuwa. Kujerun kuma ka daina wahalar da bayanka, guda ɗaya ta ishe ka.

Na gaishe ka daidai gwargwado.
Heluma

*

Zuwa ga Heluma,

Bayan sallama da fatan alheri. Takardarka ta same ni, na karanta ta sau uku.

Haba Heluma. Me kamfani yake kiran ayarinku a duk takardun aiki? Gang na ɗaya, gang na biyu. Kai kanka in ka shigo ofis cewa kake, "A ba gang ɗina shebur." Kalmar tana nufin ayarin ma'aikata, kuma ƙamus ɗin da 'yarka ta duba, in ta sauka layi na gaba za ta gani.

Batun sokewa kuma, ba ni da iko. Abin da mitin ya amince da shi, mitin ne ke goge shi. Mitin ba ya yiwuwa sai mutum biyu. Ka ga ke nan sai ka zo za a soke, kai kuma ka ce sai an soke za ka zo.

Bari in ajiye sakatarancin in gaya maka gaskiya. Tun da mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya kowa na garinsa, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba mai burodi ba. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki ƙamus ina bin kalmomin taro ɗaya bayan ɗaya, club, union, committee, party, crowd. Turawa sun yi wa kowane irin taron mutane suna, har taron da ya watse. Na nemi wadda za ta ɗauki mutum ɗaya zaune da makulli, ban samu ba. Kewa ta ishe ni, shi ke nan na faɗa.

Saura Asabar uku.

Naka,
Sakatare

*

Baba Sakatare,

Ina yi maka sallama, ina gaishe ka da girmamawa. 'Yar Heluma ce, ta farin. Bai san na rubuto wannan ba.

Waccan takardar ma ni na rubuta, shi yana faɗa. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga gado sai kujerar bakin taga, ko tsakar gida ba ya kaiwa sai an riƙe shi. Ya hana mu gaya wa mutanen tasha. Abokansa huɗun da suka fice tare duk sun rasu, na ƙarshen bara.

Da na karanta masa takardarka ta biyu ya ce, "Wannan tsohon bai canja ba." Ya juya fuska bango. Can ya ce in sake karanta masa wajen mai burodi.

Ba zai iya zuwa ba, Baba, kuma ba zai taɓa cewa ba zai iya ba. Zai yi ta kafewa a kan kalmar nan har ɗakinku ya tafi. Layi na gaban da ka ce, na gani tun a lokacin, na kuma gaya masa. Cewa ya yi ya san ku, kun san abin da kuka zaɓa.

Ka yafe mini shiga maganar manya.
'Yarka

*

Heluma,

Sallama da gaisuwa.

Ka yi gaskiya. Ranar ina da wasu kalmomin marasa zagi, group da faction, amma na zaɓi gang don na san fuska biyu gare ta, kuma na ji daɗin dariyar. Ka yafe mini.

Na miƙa wa manaja makulli jiya. Doka ta ce mutum biyu, ba ta ce a wane ɗaki ba. Asabar ƙarfe huɗu zan zo gidanka da littafin. In ka ce a ce ba ka nan, zan zauna a bakin ƙofa zuwa biyar. Na saba.

Naka,
Sakatare