An Dasa Mana Itatuwa a Cikin Tafki

Zuwa ga Shugaban shirin tallafin kare ƙasar noma na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikatanka suna lafiya. Ni manomi ne a wani ƙauye na bakin tafkin Kainji, kusa da Wara. Da rani ina noman albasa a bakin ruwa, da damina kuma dawa da gero a gonar tudu. Sau uku na zo ofishinku, kullum sai a ce ka fita zagaye, shi ya sa na ce bari in faɗi maganata a fili.

1. Kwazazzabo yana cin gonata ta tudu, wadda ita ke ciyar da gidana. Akwai tsamiya a tsakiyarta, da ita nake awo duk ƙarshen damina. Shekara uku da suka wuce taku ashirin ne daga bakin ramin zuwa gindinta. Bana taku tara ya rage.

2. Da shirinku ya zo, wallahi na yi murna, ni na fara dangwala hannu a fom. An yi mana bayani cewa aikin hawa biyu ne. Da farko za a ba kowa dashen itace arba'in ya dasa a bakin tafki. Wanda itatuwansa suka rayu, shi za a kawo wa duwatsu da ciyawar jema da ma'aikata a toshe masa kwazazzabo. Ban ga laifin sharaɗin ba, don wanda ya kasa riƙon kaza ba a ba shi akuya.

3. Ga inda aka yi ɓarnar. Jami'inku ya zo da igiyar awo a farkon damina, ya ce takardarsa ta ce a dasa taku talatin daga bakin ruwa. Yallaɓai, a lokacin nan tafkin ya janye iyakar janyewarsa. Kowa a nan ya san bakin ruwan farkon damina ba shi ne bakin ruwa ba, aro ne. Na kai shi gindin wata giyayya, na nuna masa shaidar da ruwa ke bari a jikinta kowace shekara, daidai ƙirjina. Inda ya kafa turakunsa kuwa yana ƙasa da giyayyar da nisa. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, amma shi ba zai canza abin da aka rubuto masa ba, kuma duk wanda ya dasa a wani wuri za a cire shi daga shirin. Bai yi mini rashin kunya ba, wannan zan shaide shi. Sai dai bai ji ba.

4. Na dasa inda aka ce, ina dasawa ina jin kunyar masu wucewa. Masunta har tsokana suke mini, wai in ajiye musu inuwar don kifi. Na yi shinge da ƙaya, na kori awaki wata uku, itatuwan suka yi kore shar. Ba zan ɓoye maka ba, na karya doka a wuri guda. Inna, mahaifiyata, ta ce in ni ba ni da hankali ita tana da shi, ta sa na cire bakwai na kai su bakin kwazazzabon na dasa. Da ruwa ya fara hawa a ƙarshen damina, cikin kwana kaɗan sauran talatin da ukun suka nutse, har turakun.

5. Mai dubawa ya zo bayan girbi, tafki ya cika maƙil. A kwale-kwalena na ɗauko shi, ni ke tuƙi. Da ya tambayi inda itatuwan suke, na tsayar da jirgin na nuna masa ƙasanmu, don a kansu muke zaune. Na kai shi tudu ya ga bakwai ɗin nan, sun kai ƙugu. Ya ce ba za su shiga lissafi ba tunda ba a kan turaku suke ba. Da aka liƙa sunayen waɗanda za a kawo wa duwatsu, nawa babu, an rubuta wai ban kula da dashe ba. Wannan kalma ta yi mini ciwo fiye da itatuwan. Ni da na bi umarni har ya kai ni cikin ruwa, ni ne ban kula ba? Haba, Yallaɓai!

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A maido da sunana, da na maƙwabtana da aka yi wa irin wannan awo. A kawo duwatsu da jema kafin ruwan farko ya sauka, don kwazazzabo ba ya jiran a gama taro. In za a sake dashe, a tambayi tsofaffin masunta inda ruwa ke tsayawa, ko a tambayi giyayya, ba ta ƙarya. Kuma ba na neman a hukunta jami'in nan, takardar da ke hannunsa ce ke buƙatar gyara.

Ka san dalilin da ya sa na nace? Gonar kakana tana gungu ne, wato tsibiri a tsakiyar kogi, tana ƙarƙashin tafkin nan tun da aka yi madatsar ruwa. Wannan ta tudu ita aka ba mahaifina a madadinta. Waccan ruwa ya ci, ba mu rubuta wa kowa wasiƙa ba, muka ce ƙaddara. Wannan kuwa ana iya tsare ta, kuma ba mu da ta uku.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka, ya sa ka gama da aikinka lafiya. In ka samu hali ka zo da kanka, zan ɗauko ka daga Wara. Ba sai an zo da igiyar awo ba, taku tara ne, da ƙafarka za ka ƙirga.

Wassalam.

Naka,
Manomin albasa daga bakin tafki, ƙasar Ngaski.