Zakaran Inna da Ya Rage a Damagaram

Dogon Dutsi, unguwar bayan tasha

Zuwa ga Yayata Zalihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, ki yi mini gafara da zan ɗora miki karatun takarda alhali na san idanunki sun fara gajiya, ga kuma hidimar gida. Na so in faɗa miki ta waya, amma duk lokacin da na ji muryarki sai gaisuwa ta cinye maganar, kuma ina jin nauyin in tayar da zancen kaji yara suna saurare. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da dukkan iyali. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya sauke surukarki Jamila lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Malam yana nan da karatunsa, gero ya yi kyau a gonar ƙauyenmu Geceme bana, jikarki Salma ta wajen ɗiyata Shamsiyya har ta fara rarrafe.

Maganar kajin Inna ce, Allah ya jiƙanta. Kin tuna safiyar da kaza ta gama ƙyanƙyasa, yadda take kiranmu bayan rumbu, ta shimfiɗa gefen zanenta, ta riƙa ɗauko 'yan tsaki ɗaya-ɗaya tana duban kansu? Mai babban farin tabo a ka, wanda jikinsa ya yi haske kamar toka, ta ajiye shi dama, ta ce namiji ne. Mai duhun jiki, da ɗan tabo ƙarami kamar ƙwayar gero, ta ajiye ta hagu, ta ce mace ce. Ke ce mai gardama a cikinmu, kika taɓa ɗaure wa wani zare a ƙafa don ki kama Inna da kuskure, ya girma ya yi miki cara a bakin ɗaki. Har yau idan na tuna dariyar da ta yi ranar sai in ji kamar tana tsakar gida.

Mutanen Geceme sun ɗauka wani asiri gare ta, ita kuwa ba ta taɓa ɓoye yadda abin yake ba. Ta ce asalin irin daga wani ma'aikacin gidan gona ta same shi tun tana amarya, wake-wake ne, sauran aikin kuwa zaɓe ne da haƙuri. A cikin zakaru takan bar wanda ya fi haske, mai zane siriri har wutsiya. A cikin kaji takan bar waɗanda suka fi duhu. Duk wanda ya fito da ja a wuya ko fari a fiffike, tukunya ce makomarsa. Baƙon zakara kuwa, ko na maigari ne, da muciya take raka shi har ƙofa. Amfanin da ta gani shi ne, tun ranar farko ta san waɗanda za ta kashe wa tsakin gero da garar da muke tonowa, ta san waɗanda za a kai kasuwar Dumega da wuri. Sannan ga al'adarta da ba ta taɓa fasawa ba: duk ɗiya macen da aka haifa a dangi, ranar suna sai ta kai mata 'yar tsako mace a ƙwarya, ta ce dukiyar yarinya ce, kada uban ya taɓa. Ni da kazata na sayi allona na farko da tawada, ke kuma kin san inda akuyarki ta fito.

Da aka raba kajin bayan rasuwarta na riƙe nawa yadda ta koya mana, har bara. Wata mata ta zo daga wajen Matankari tana neman zakara wake-wake, ta ce shi doguwarta, wato iskar borinta, ta nema. Na ba ta ruwa ta sha, na ce mata ba na sayarwa ba ne, muka rabu lafiya. Ashe ɗanki Abdulmajid, na biyun nan nawa mai shago a kasuwa, ya ji. Kin san shi da abokansa na masallaci, ba sa wasa da abin da ya shafi aƙida. Abin ya tsaya masa a rai, yana ganin duk mai kiwon kaji don launi, masu bori yake yi wa tanadi, kuma yana tsoron a ce gidan mahaifinsa nan ake zuwa nema. Bai yi mini magana ba, don yana jin kunyata. Sai da na tafi Geceme gaisuwar rasuwar Baba Mahmudu, ya sa aka yanka zakaruna biyu aka kai wa marasa lafiya sadaka, ya kawo mini wani farin zakara na gidan gona, ƙato, har da murnarsa ya yi mini gata.

Yaya, ban yi masa faɗa ba. Na zaunar da shi na ba shi labarin kakarsa tun daga farko, na gaya masa Inna ba ta taɓa sayar wa mai yanka don iska ko gashin kaza ba, kuma da ni ya tambaya da na faɗa masa. Mahaifinsa ma ya ce masa launi halittar Allah ne, abin dubawa shi ne niyyar mai kiwo da wanda ya sayar wa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai san kaza tana da tarihi ba. Da kyakkyawar zuciya ya yi, ni shaida ce, Allah ya karɓi sadakar.

Sai dai abin da ya biyo baya. Farin zakaran nan ya bi kajina, 'yan tsakin suka fito duk farare kamar auduga, babu tabo babu duhu, in juya wannan in juya wancan, ban san na dama ba ban san na hagu ba. A haka sunan Salma ya zo. Ban iya zuwa hannu sake ba, na zaɓi wadda na ga ta fi sanyin hali, na yi bisimilla na sa a ƙwarya. Watan jiya Shamsiyya ta aiko mini cewa kazar Salma ta fitar da zanko, har ta tashe su da cara. Matan gidansu suka yi ta tsokana, wai kaka ta rasa dukiyar da za ta ba jika sai ta aiko mata da miji. Na yi dariya tare da su, amma da na koma ɗaki sai da na share ido. A hannun Inna hakan bai taɓa faruwa ba.

Yanzu tsofaffin kaji uku suka rage mini na asalin irin. Na fitar da farin zakaran, na killace su su kaɗai. Babbar cikinsu ƙwanta ya fara ja baya, ban san ko za su kai wata damina suna yi ba. Na aika Geceme da Dumega, duk inda Inna ta taɓa ba da tsako, ko'ina irin ya gauraye. Sai Jamila ta faɗa wa Shamsiyya a waya cewa ciwon kaji ya kwashe naki, zakara ɗaya ya tsira, mai hasken nan, kuma kin ajiye shi don a yi wa mai jego farfesu idan ta sauka. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Matan suna nan, namijin yana can, kuma in wuƙa ta riga takardar nan, shi ke nan an rufe.

Roƙona, Yaya, ki bar mini shi. Ba zan hana Jamila romonta ba: zan aiko miki da farin zakaran nan da wani ɗansa, kowanne ya fi naki nama. Ado direba, ɗan Gwaggo Ummu, yana bin hanyarku ta Damagaram, ya ce zai ɗauko shi. A sa shi a kwando mai iska, da ɗan ruwa, a gaba kusa da ƙafarsa, kada a ɗora shi saman mota cikin rana. Abdulmajid da kansa ya ce shi zai tarye shi a tasha, har ya gyara akurkin. In Allah ya sa aka dace, mace ta farko da na ajiye hagu ta Salma ce, ta biyu kuma ta abin da Jamila za ta haifa, in ɗiya ce.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Kamaluddeen da Jamila, da Rahina da yaranta. Malam da Shamsiyya da Abdulmajid suna gaishe ki ƙwarai. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, ko da kalma ɗaya ce ta wayar Abdulmajid, in san yana raye.

Ƙanwarki,
Mas'uda