Kifin da Kare Ya Ƙi

Litinin, 14 ga Janairu

Maigidana Gavril ya dawo daga ramin da ya huda a ƙanƙarar kogi da buhun kifi. Na ɗauko ɗaya zan yanka mana tala, ɗanye a daskare da gishiri da albasa, sai wari ya buge ni, irin na ɗakin shan magani. Na jefa wa kare kan. Ya shinshina, ya koma ya kwanta.

Alhamis, 17 ga Janairu

Babana Yefim ya ce tun yana rarrafe yake cin kifin kogin Amur ɗanye, ba zai koyi dafawa da furfura ba. "Hancinki ne ya zama na 'yan birni, Raya." Shi dai ya ci zamaninsa. 'Yata Tasya fa? Shekararta huɗu, kuma abin da kakanta ya kai baki shi take so.

Asabar, 26 ga Janairu

Wata mai bincike, Larisa Pavlovna, ta zo da mutanenta. Sun huda ƙanƙara inda kogi ke shiga teku, sun cika kwalabe da ruwa da laka. Wai ƙanƙara murfi ce: duk abin da kogi ya kwaso, mai ne ko ruɓaɓɓen itace, ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta a laka ya shiga jikin kifi. Na tambaye ta ko in ba 'yata kifin. Ta daɗe tana gyara safar hannu, sannan ta kira ni da cikakken sunana.

"Raisa Yefimovna, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai sakamako ya fito, wajen watan Mayu."

Mayu. Kamar ciki ya san kalanda.

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Hanya ta toshe. Kanti ba komai sai taliya da ashana. Na tafasa kifin, na zubar da romon, na sake tafasawa. Warin na nan daram. Na shiga rumbu na yi kukana.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Tasya ta ƙi taliya, wuyanta duk ya zurma. Baba ya kai taba da tsabar shinkafa ya zuba a ramin, yana ba aljanin kogin haƙuri. Ni ban ma san wanda zan roƙa ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Na yanka tala yau. Ban ji warin ba, ko kaɗan. Tasya ta ci har da lashe yatsu, Baba na ta dariya. Ina jin ruwan ne ya gyaru. Gavril ma haka ya ce, idonsa na kan kwano.

Kan kifin yana nan gaban kare tun safe.