Maganar da Asma Ta Ji a Waya

Gaithersburg, Maryland

Zuwa ga ɗana Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da Saudatu da jaririn, ya raya shi bisa tafarkin Musulunci. Mu nan lafiya, sai dai ciwon gwiwar babanku da ke tashi idan ya daɗe a tuƙi.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya dariya kake mai da komai. Ranar suna da ka kira, ka ce bayin gidanmu sun zo karɓar kai da ƙafar rago, su Atine kake nufi. Ƙanwarka Asma tana kusa, ta ji. A makon ake koya musu a makaranta yadda majalisar Amurka ta yi gardama shekaru ɗari biyu da suka wuce, lokacin da yankin Missouri ya nemi zama jiha. Wasu suka ce kada a ƙara shigar da bayi can, wasu suka ce dukiyarsu ce. Daga ƙarshe aka karɓi Missouri da bautarta, aka ja layi a taswira, aka ce sauran ƙasar da ke arewa da shi ban da bauta. Asma ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, duk tsawon gardamar ba wanda ya tambayi bayin.

Da ka kashe waya ta tambaye ni ko Atinen da ta goye ka ce. Na ce ita ce, na ce tun zamanin kakanni aka 'yanta su, al'ada ce kawai ta rage. Ta dube ni ta ce, "Mama, an taɓa tambayarta ko tana son a kira ta baiwa?" Yanzu ta ce ba za ta zo gida hutu ba, kuma ka ga ba ta ɗaga wayarka.

Na san ba da mugunta ka faɗa ba, a bakin manya ka tsinta. Amma ba a bakina ba. Tsofaffi ba zan iya sauya su ba, kai kuwa ni na haife ka, kuma ga ɗa kana reno. Ka je gidan Atine da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka kai mata cinyar rago. Bayan nan ka kira ƙanwarka, ban da wasa. Zan sa ta ɗauka, amma zuwanta gida yana hannunka.

Ka gaida Saudatu da Kawu Sanusi da Gwaggo Habibatu. Ka gaida min Inna Atine, da wannan sunan.

Mahaifiyarka,
Hamida